Goggo Rabi Ta Dawo Gida Zango-Zango

Fankar ɗakin Baba ce ta jawo wannan tafiya. Tsohuwar fanka ce ta silin, fuffukenta ɗaya ya ɗan lanƙwashe, in aka kawo wuta sai ta fara da wani gurnani ƙasa-ƙasa kafin ta daidaita. Wata la'asar ina yanke masa farce aka kawo wutar, fankar ta ɗauka, sai ya ɗaga kai yana saurare. Ya ce haka jiragen nan suke yi ranar da aka tafi da Rabi.

Tun da na dawo daga Sudan matan Islamiyyarmu suka sa ni a gaba da tambaya. Wata humra take son ji, wata kuɗin lafaya, wata kuma ta ce wai da gaske ne na tuƙa jirgin yaƙi. Ban tuƙa ba. Amma na zauna kusa da wadda ta tuƙa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta.

Rabi ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Zamanin yaƙin duniya na biyu iyayensu suka bi ayari zuwa Makka a ƙafa. Baba yana kwance da kurkunu a ƙafarsa, ayari kuma ba ya jira, sai aka bar shi wurin kakarsu a gindin Dala, aka tafi da ƙaramar. Abin da ya riƙe daga wannan rana shi ne ƙarar jirage suna wucewa gabas ta saman gari, da ƙanwarsa a kan jaki tana waige. Ba su dawo ba. Kafin damina ta fita a shekarar da fankar ta tuna masa, Baba ya rasu. Abin da ya bar min a baki shi ne in an same ta a kawo ta gida ta ga Kano.

An same ta ne ta hannun wani ƙanen maigidana da ya yi karatu a Khartum. Ya yi ta cigiya cikin Hausawan Umdurman har aka kai shi gidan wata tsohuwa da ta san sunan kakanta da sunan unguwarmu. Muka fara gaisawa ta waya, amma waya ba ita Baba ya ce ba. Da Allah ya hore, muka shirya ni da Baban Husna da autarmu Husna, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba. A ƙasan akwatina na sa sabuwar atamfa da na ɗinka wa Goggo, ta ranar da za ta sauka a Kano.

Jirgin bai ba mu wahala ba, ni ce dai na ba kaina. Na riƙe carbi tun daga tashi, kunnena ya toshe, Husna kuwa ta manne da taga tana ba ni labarin gajimare. Wahalar tana filin jirgin Khartum. Wani jami'in kwastan ya buɗe jakar tsarabata, ya zare ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya shinshina. Larabcin Islamiyya ya gudu ya bar ni, ban iya tuna komai ba sai "halal, halal". Baban Husna yana ta kwatanta tukunya da hannu. Ana cikin haka wata mata mai shara ta leƙo, ta kalli ƙullin, ta ce da Hausa tsantsa a bar baiwar Allah ta wuce, kayan miya ne. Ta yi musu bayani da Larabci, suka yi dariya suka ɗaure min jakata. Na ɗebar mata kuka da daddawar, ta soke cikin mayafinta kamar zinariya.

Wanda ya zo tarenmu jikan Goggo ne, Muhannad, dogon mutum mai shiru-shiru, magidanci da 'ya'ya biyu. Shi da Baban Husna suka dafa kafaɗar juna kafin su yi musabaha, haka suke gaisuwa a can. Ni kuwa Amti yake ce min, wato goggo ke nan a bakinsu. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, sai ya yi nisa a magana ta ƙare masa ya cike da Larabci. Muka hau gada muka tsallaka kogi, ya nuna min inda ruwa biyu suke haɗuwa, ɗaya fari-fari ɗaya duhu-duhu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya nan take ba. Keke Napep ɗinmu tana nan birjik, sunanta kawai aka sauya, raksha.

Gidan yana cikin wani lungu a Umdurman, ƙofar ƙarfe shuɗiya, tsakar gida mai faɗi. A inuwa aka jera gadajen igiya da suke kira angareb, a kan ɗaya wata ƙaramar tsohuwa tana zaune cikin farar lafaya. Ban buƙaci a nuna min ba. Goshin Baba ne, har da yadda yake karkata kai in yana son ya ji da kyau. Na durƙusa, ta kamo fuskata da hannu biyu tana shafawa, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko ƙafar Yaya ta warke. Na ce ta warke, Goggo, har ya yi ta zuwa kasuwa da ita. Ta ce alhamdulillahi, abin ya daɗe yana damunta.

Abinci kam sai da na koya. Karin kumallonsu ba da sassafe ba ne, shayi kawai ake sha, sai rana ta ɗaga a kawo ful, wani wake da ake dagargazawa a zuba man riɗi. Ni da na saba da koko tun asuba, cikina ya yi ta ƙorafi. Kisra kuma fallen tuwo ce mai tsami, siririya kamar takarda, ranar farko na naɗe ta gefe na zaci shimfiɗar tire ce. Tahani, matar Muhannad, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Amma zoɓonmu yana nan, tsirenmu yana nan da sunan agashe, kuma kowa ya san na Hausawa ne. Da na yi miyar kuka Goggo ta sa yatsa ta lasa, ta rufe ido ta daɗe ba ta buɗe ba.

A rana ta biyu na faɗi abin da ya kawo ni. Muhannad ya sunkuyar da kai, Tahani ta tashi ta shiga kicin. Goggo da kanta ta ɗage lafayarta ta nuna min ƙafafunta a kumbure. Zuciya ce. Likita ya hana ta tafiya mai nisa, ko yankin Jazira na nan Sudan inda aka binne iyayenta ba ta iya zuwa. A can suka yada zango suna tsinkar auduga don su tara guzurin ƙarasawa, uwar ta rasu, uban ya bi ta, ita kuma aure ya kawo ta Umdurman. Na koma ɗaki na zauna kusa da akwatin nan mai atamfa a ƙasa, na rasa yadda zan yi da maganar Baba.

Da la'asar ina kwance sai na ji fankar ɗakin Baba. Gurnanin nan ne sak, ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗaga ya daidaita. Na bi sautin har wani ɗan ɗaki a ƙarshen gida. Muhannad ne zaune a kan kujerar mota da aka ɗaure a kan katako, gabansa babban allon kwamfuta, hannunsa a kan wata sandar ƙarfe, ƙafafunsa a kan abin takawa biyu. A cikin allon hancin jirgi ne da farfela tana juyawa, ƙasa kuma tana janyewa a hankali.

Shi makerin ƙarfe ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji da masana'antu ta Khartum, a can ya ƙera sandar da abin takawar daga tarkacen mota. In ya taso aiki kuma wannan ne abin da ya ɗauke masa hankali. Akwai wasan kwamfuta na tuƙin jiragen yaƙin da, shi da wasu abokansa na ƙasashe daban-daban su ne suke gina jiragen a ciki. Ba siffar ba, ya ce, siffa kowa zai iya zanawa. Halin jirgin suke ginawa. Suna nemo tsofaffin takardun gwaji na masu jirgin, su ga gudunsa a ƙasa-ƙasa da gudunsa can sama, yadda yake hawa, man da yake sha, lokacin da lagireto yake tafasa. Sai su koya wa kwamfuta, shi kuma ya hau ya gwada, in bai yi daidai da takardar ba a sake.

Na ce to ai wasa ne, wa zai kama shi in ya ƙara masa gudu? Ya yi murmushi ya ce masu wasan ma abin da suke roƙo ke nan kullum, kowa yana son jirgin da yake ƙauna ya fi na kowa. Ya nuna min wani kumburi a ƙarƙashin hancin jirgin, ya ce matatar ƙura ce da aka ƙara wa waɗanda aka kawo ƙasashenmu, tana kare inji amma tana rage gudu. Da ya sa wannan ragin a wasan, har zaginsa aka yi. Ya nuna min yadda in ya dunƙufar da hancin da ƙarfi injin yake tari ya ɗauke na ɗan lokaci, saboda mai ya bar kafireto. Ya ce da zafin rana irin na Khartum iska takan yi sako-sako, jirgin sai ya ci fili da yawa kafin ya ɗaga. Duk aibobin nan ya sa su da hannunsa, yana faɗarsu kamar mai ba da labarin ƙiriniyar ɗansa.

Ni dai raina bai kwanta ba. Abin kisa ne, na ce masa, mutane nawa ya mayar marayu. Bai musa ba. Ya ce shi ma ba harbin ne ya kai shi ba, Habboba ce, wato kakarsa. Tun yana yaro take ba su labarin jiragen da suka riƙa wuce ayarinsu a hanya, babba ɗaya a gaba, ƙanana na biye kamar kaza da 'ya'yanta. Da ya girma ya bincika ya tarar gaskiya ne. Daga bakin teku ake haɗa su, su biyo ta Kano, su yi ta yada zango suna shan mai har Khartum, kusan hanyar da mahajjata suke bi a ƙasa. Ƙananan su ne wannan da yake ginawa, sunansa Harikan. Har taswirar hanyar ya shimfiɗa a kwamfutar.

Ba mu san Goggo tana bakin ƙofa ba, ta dafo kafaɗar Husna. Ta tambaya ko jirgin nan ya san hanyar komawa. Muhannad ya ce ya sani, sai dai mutum ɗaya yake ɗauka, kuma tankinsa ƙarami ne, sai an yi ta sauka.

"To tashi ka ba ni wuri," in ji ta.

Washegari aka fara, kuma ba da wasa ta ɗauki abin ba. Ta yi wanka ta sa turare. Ta aika aka kira maƙwabta biyu ta nemi gafararsu, kamar yadda mai tafiya yake yi. Ta sa Tahani ta ƙulla mata dabino da gyaɗa a gefen lafaya. Da aka zaunar da ita a kujerar, ƙafarta ba ta kai abin takawa ba, sai Muhannad ya zauna a ƙasa yana taka mata da hannu ɗaya, ɗayan kuma a kan nata a jikin sandar. Ta tambayi amfanin wani jan maɓalli, ya ce na bindiga ne. Ta ce a sauke harsasan duka, ba za ta shiga garin ubanta da makami ba. Ya sauke, ya ce jirgin ma ya yi sauƙi, zai ɗan ƙara nisa. Ta juyo ta ce in karanta mana addu'ar hawa abin hawa. Na karanta, ina jin kunyar kaina ina kuma jin daɗi.

Injin ya yi gurnani, filin ya yi ta gudu, sai ga kogi a ƙarƙashinmu kamar zaren azurfa. Goggo ta ce a'a, ashe haka Allah yake ganinmu ƙanana.

Ban san yadda zan kwatanta muku waɗannan ranaku ba. Ɗakin da ɗan duhu, ƙamshin turaren wuta yana shigowa daga tsakar gida, injin yana ta gurnaninsa ɗaya har mutum ya daina jin sa. Ƙasa ja tana tafiya a hankali a ƙarƙashin fuffuke. Wani lokaci in ga kamar ɗakin ne yake shawagi, da mu da gadon da butar alwala. Husna takan yi barci a cinyata. In an kira salla sai Muhannad ya danna wani abu, jirgin ya tsaya cak a sama, farfelar ta daskare, mu je mu yi salla mu dawo mu same shi inda muka bar shi. Ranar farko Goggo ta tambaye ni da gaske ko kasaru ta kama ta. Na ce a'a, Goggo, jikinki yana gida. Ta ce to, za ta cika, amma dai a sani ita ba ta nan.

Muka sauka garin Lubayya, zangon farko, bayan kwana biyu muka sauka Fashir. Ba kullum ake tashi ba. Wata rana babu wuta, don su ma ana ɗauke musu kamar mu. Wata rana Muhannad yana wurin aiki har magariba, wata rana kuma numfashinta ne ba ya bari. A irin ranakun nan Tahani ta kai ni Kasuwar Umdurman, inda na shiga layin masu kayan ƙamshi na ɓata, na yi ta zagaye shago ɗaya har mai shagon ya kawo min kujera da kofin gahawa mai citta. Baban Husna kuwa Kasuwar Libiya ta haɗiye shi, sai dare ya dawo da labarin mayafai. A gida Muhannad yakan zaunar da ni ya tambaye ni Kano. A taswirarsa ganuwa ce kawai da duwatsu biyu. Na faɗa masa launin Dala, da inda Goron Dutse yake in ka ba ta baya, da kududdufan da Baba yake cewa sun cika gari a da. Abin da na tabbatar ya sa, abin da na ce ina jin kamar haka ne ya bari.

Kowane zango Goggo tana da abin da ta ajiye a can. A Lubayya aka sayar da jakinsu. A Fashir ta fara jin Larabci, wata mata ta ba ta alewa ta kira ta da sunan da ba nata ba. Tana ba da labarin idonta a kan allon, mu kuma mun zama kamar fasinjoji a bayanta.

Bayan Junaina aka shiga ƙasar Chadi, zango mai tsawo, Muhannad ya ce man zai kai amma ba rara mai yawa. Ana cikin tafiya ta hango wani dutse mai kai biyu kusa da busasshen rafi, ta ce a sauko. Ya ce Habboba, ƙasa-ƙasa jirgin ya fi shan mai, kuma hawa baya ma wani man ne. Ta ce a sauko. Suka sauko, suka zagaya dutsen, ta ce a sake. A gindin wani dutse irin wannan innarsu ta haihu a hanya, namiji, bai kai suna ba ya koma. Ita aka ba ta riƙe shi lokacin da ake haƙa ramin. Ba ta da tabbacin dutsen ne, ta ce, amma ya yi kama. Muhannad yana kallon agogon mai, ya bar ta ta yi ta zagayawa tana motsa baki.

Ba su kai ba. Filin saukar bai ko bayyana ba injin ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Farfelar tana juyawa a banza, sai iska kawai. Muhannad ya lallaba ya kwantar da jirgin a kan cikinsa cikin wani fili mai ƙaya. A ƙa'idar wasan, sai an koma Junaina an sake zangon daga farko. A daren Goggo ta kwana da zazzaɓi, aka yi kwanaki ba a tashi ba, ranar komawarmu kuma tana matsowa.

Na sami Muhannad shi kaɗai na roƙe shi. Na ce ɗana, ni ban san kan na'urar nan ba, amma na san mutum ne ya gina ta. Ba yadda za a yi a cika tankin, ko a ɗauki jirgin a ajiye shi a saman Kano? Ina so in tsaya kusa da ita ranar da za ta ga Dala, in san na sauke abin da Baba ya ɗora min. Ya daɗe yana murza tafin hannunsa. Sannan ya buɗe wani shafi ya nuna min ɗan akwati ƙarami. In ya taɓa shi, mai ba zai ƙare ba har abada, inji ba zai yi zafi ba. Akwai wani kuma da zai kai jirgin duk inda aka so cikin ƙiftawar ido. Ya ce shekaru yana faɗa da mutane a kan akwatin nan, bai taɓa taɓa shi ba, amma saboda Habboba zai taɓa.

Da ta ji sauƙi muka zaunar da ita, na yi mata albishir cewa yau za ta ga Kano. Ta tambaya yaya, alhali muna Junaina. Muhannad ya yi mata bayani, yatsansa a kan abin. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta karkata kai irin na Baba.

"Ɗiyar Yaya, da ƙafa na zo," ta ce. "Kowane zango na ajiye wani abu. In aka ɗauke ni aka dire a Kano, wa zai kwaso min su? Bar jirgin nan da ƙishirwarsa. Mu ma da ita muka zo."

Na ce Goggo, kwanakina sun ƙare.

"Ki yi gaba ki share min ɗaki. Ai gara a sami mai taro."

Muhannad ya janye yatsansa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana gyara wata waya da ba ta lalace ba. Ni kuwa a lokacin haushi na ji, ba zan ɓoye ba. Sai da na yi sallar magariba na zauna a kan darduma sannan zuciyata ta sauko. Baba cewa ya yi a kawo ta gida, bai ce a jefo ta ba.

Suka sake zangon, wannan karon ta wuce dutsen daga sama ta yi masa sallama kawai. Suka sauka Fallomi, wadda yanzu ake ce wa Njamena. Ana gobe za mu taso suka tsallaka zuwa Maiduguri, ita Yarwa take ce mata. A nan na bar ta, saura zango ɗaya. Na ciro atamfar na ba ta, ta shafa ta ce a ajiye sai ranar. Da za mu fita ta riƙe hannun Husna ta daɗe, ta ce kamar wannan take lokacin da aka ɗora ta a jaki.

Jirginmu ya cinye hanyar nan duka tsakanin azahar da magariba. Na leƙa ta taga ina neman dutse mai kai biyu, ban ga komai ba sai gajimare.

Na dawo na share ɗakin Baba, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Sati ya wuce, wani ya bi. In na kira sai Tahani ta ce jikin ne, ko wutar ce. Kullum da safe Husna sai ta tambaya ko Goggo tana Maiduguri har yanzu, ko ba ta gaji da zama a can ba. Ni kuma kowace salla roƙona ɗaya ne, Allah ya ara mata numfashin zango ɗaya.

Wata Asabar bayan la'asar wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Muhannad ne, ya ce Amti, ku fito taro, mun kusa. Na shiga ɗakin Baba da gudu na jingina wayar da matashinsa. Tahani ce take riƙe da tasu wayar ta bayan kujera. Ina ganin ƙeyar Goggo da kafaɗarta cikin atamfar nan, da allon a gabanta. Gurnanin injin yana fitowa ta wayar, fankar kuma tana yi a saman kaina, har na kasa rabe su.

Ƙasa ta yi ta tafiya. Can sai wani ɗan duhu ya taso a gaba, ya yi ta girma, ja-ja, kansa a baje. Bayansa wani. Sai zoben ganuwa ya kewaye su, kududdufai suna ƙyalli a ciki kamar an watsar da madubai. Ba wanda ya ce mata ga shi. Hannunta na hagu ya saki lafayar da ta yafa ya miƙa wajen allon, ya tsaya a iska. Muhannad ya tambaye ta ko a zagaya, akwai mai. Ta ce a'a, a sauka, ana jira.

Saukar ba ta yi kyau ba, jirgin ya yi tsalle ya sake yi kafin ya natsu. Injin ya mutu. Sannan ba tare da ta juyo ba ta tambaya ta wane gefe aka kwantar da Yaya. Na ce in ta ba Dala baya ta fuskanci arewa, ba nisa. Ta juya kanta can, ta ɗaga hannu biyu.

Ni kuwa ina ta share hawaye. Ban ma lura Husna ta fita ba sai da ta dawo tana tafiya a hankali, riƙe da kofin silba cike da ruwan randa, yana zuba a yatsunta. Ta durƙusa ta ajiye shi a gaban wayar, ta gyara shi ya fuskanci Goggo, sannan ta taɓa gwiwata.

"Umma, ki yi mata sannu da zuwa mana. Tun tana ƙarama fa take tafiya."